Rasuwar Kawu, Ƙunshin da Ke Zuwa Ran da Ya Ga Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka ƙanƙance saboda kallon allo, Vibeke Thorsager, shugabar masu gwajin manhaja a kamfaninmu da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Aarhus a ƙasar Denmark, tana sanar da abokan aiki da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi fitilar ofishinmu ya ji sanyi a ransa, rasuwar abin ƙaunarta kuma madogararta, ƙunshin umarnin gwaji da kowa ya sani da suna Kawu. Rai ya yi halinsa bayan doguwar jinya mai ban takaici. An same shi ranar Talata da hantsi ba ya numfashi, a gaban baƙuwa kuma. Ya ɗan farfaɗo ranar Laraba, ya yi magana ɗaya, bai ƙara ba. Amma tun yaushe yake kwance a haka mutane na wucewa suna gaishe shi, wannan kam babu wanda ya sani, kuma rashin sanin nan ne ya hana Vibeke cin abincin kirki tun daga ranar.

Ta roƙi a rubuta sanarwar a madadinta, domin hannunta a wani wurin ake jiransa. Gobe Juma'a ake so ta sa hannu cewa sabon zubin manhajarmu ya gwadu kuma lafiyarsa ƙalau, don kicin ɗin ƙaramar hukuma ya fara aiki da shi ranar Litinin. Manhajar ce ke gaya wa kicin abin da za a zuba wa kowane dattijo da kowace dattijuwa da ake kai wa abinci har gida: wane ne mai ciwon suga, wace ce gyaɗa ke tayar wa da cuta, wane ne haɗiya ta gagara sai an niƙe masa komai. Vibeke ba ta taɓa sa hannu a kan abin da ba a duba ba, kuma marigayin ne mai duba mata.

Ga waɗanda suka san shi da suna kawai, ga yadda yake. Manhajarmu tana da ƙofa da sauran manhajoji ke ƙwanƙwasawa su nemi bayani, masu sana'ar suna ce mata API. Aikin masu gwaji shi ne su yi ta ƙwanƙwasa ƙofar nan da tambayoyi, su ga ko amsar da ta fito daidai ce. Suna yin haka ne da wata manhajar gwaji da kamfani ya ɗauko haya daga waje, wadda ba za a ambaci sunanta a nan ba saboda ana cikin makoki kuma ba a so baki ya suɓuce. A cikinta Kawu yake zaune. Kowane gwaji kafin ya fara sai ya kira shi. Shi zai karɓo masa izinin shiga, shi zai tsaya a kan amsar ya duba suna, ya duba adireshi, ya duba irin abinci, sannan ya ce ta yi ko ba ta yi ba.

Vibeke ce ta rubuta shi da hannunta, a hunturun farko da ta yi a kamfanin. Kafin zuwansa kowane mai gwaji kwafowa yake yi daga gwajin maƙwabcinsa ya liƙa a nasa, har da kurakuran, kuma duk ran da ƙaramar hukuma ta sauya abu ɗaya sai a yi ta bin gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya ana gyara har mutum ya tsani rayuwarsa. Ta tattaro tarkacen nan duka, ta wanke, ta jera, ta ɗaure su wuri guda, ta ce daga yau kowa nan zai zo ya ɗauka. Troels Munkholm, ɗaya daga cikin masu rubuta manhajar kuma babban mai baki na ofishin, shi ya raɗa masa suna. Ya ce Kawu ya dace da shi, tun da kowa na da dangantaka da shi, babu wanda ya san abin da ke cikinsa, kuma ba a fara komai sai ya iso.

Marigayin ya yi rayuwa ta mutunci. Bai taɓa neman hutun Yuli ba, lokacin da garin nan kaf ke rufe ƙofa ya tafi bakin teku. Bai taɓa barin kofin da ya sha kofi a cikin kwatami ba. Ba ya son kai, ba ya tsoron manya: gwajin manaja da gwajin sabon ɗauka ido ɗaya yake duba su da shi. Ba mai yawan magana ba ne, murya biyu gare shi. Akwai wata fitila a kan kabad ɗin kofi da ƙaramar lasifika a gefenta. Idan zagayen gwaji ya ƙare lafiya, fitilar ta yi kore, sai a ji “ƙilin!” siriri, mai daɗin ji. Idan ya ga ɓarna, fitilar ta yi ja, sai a ji “mooo!”, kukan wata saniya da Troels ya ɗauko da wayarsa a gonar surukinsa. Vibeke ta fi ƙaunar kukan saniyar, ko da yake ba ta faɗa a fili. Tana cewa a ranta, duk wanda ke gaya maka ka yi kuskure tun kana ofis, kafin mota ta bar kicin, masoyinka ne. Kuma ba a manta da shekarar da wani ɗan gyara ya share alamar “banda gyaɗa” daga bayanan mutane ba tare da kowa ya lura ba, sai Kawu. Ran nan Vibeke ta shafa kan kwamfutarta a gaban jama'a, ba ta ji kunya ba.

Ya rasu ya bar gwaje-gwaje ɗaruruwa, dukansu marayu, babu ɗaya da ya iya ko sallama a bakin ƙofar in ba shi. Ya bar Vibeke, wadda ta rubuta shi, ta rene shi, ta yi jinyarsa. Ya bar Troels, wanda ya yi tumbi a sanadinsa, kamar yadda bayani zai zo. Ya bar Ejvind Brøgger, manajanmu, wanda bai taɓa buɗe shi ya ga layi ɗaya ba, amma ya sha ambatonsa a gaban masu ba da kwangila sai ka ce ajinsu ɗaya a makaranta. Ya bar Bodil Kjærgaard, shugabar kicin ɗin ƙaramar hukuma, wadda ba ta san da zamansa ba sai ranar da aka same shi a kwance. Ya kuma bar dattawa masu yawa a gidajensu, waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba, suna dai buɗe murfin kwano su ci abin da suka tarar.

Ciwon ya fara ne cikin watan Maris, bayan masu manhajar gwajin sun sabunta ta, suka kwashe ƙunshin kowa daga kwamfutarsa suka kai can wajensu a intanet, wai don a ji daɗin rabawa. Tun daga nan Kawu ya zama matafiyi. A kira shi ya zo. A sake kira ya zo. A kira na uku shiru, sai allo ya rubuta kalmomin nan da Vibeke take gani ko ta rufe ido: “Ba a sami ƙunshin ba.” Saniya ta yi kuka. A danna a sake, ba a taɓa komai ba, kwamfuta ɗaya, gwaji ɗaya, kujera ɗaya, sai ga shi ya iso, “ƙilin!”, ko a jikinsa. Da ciwon na kullum ne da an san na yi, a ɗauke shi a nemi wani. Amma wa zai binne wanda jiya ya yi aiki lafiya, kuma wataƙila anjima ma ya yi?

Babu irin maganin da Vibeke ba ta nema ba. Ta fita daga manhajar ta sake shiga. Ta share duk abin da kwamfutar ta adana ta fara sabo. Ta sauya masa suna, ta kwafe shi ta yi masa ɗan'uwa, ɗan'uwan ma ya kamu. Ta raba shi gida biyu ko nauyi ne ya yi masa yawa, sai rabi ya zo rabi ya ƙi. Ta zargi intanet ɗin ofis, ta ɗauki kwamfuta ta tafi gida, can ma haka. Ta rubuta wa masu manhajar, suka amsa cikin ladabi cewa a wajensu lafiya yake zuwa, ko za ta ɗauki bidiyon matsalar ta aiko. Ta kunna ɗaukar bidiyo, Kawu ya yi ta zuwa a jere babu fashi, kamar yaron da zazzaɓinsa ke sauka da zarar an iso ƙofar likita. Tana kashewa saniya ta yi kuka. Ta leƙa dandalin masu amfani da manhajar, ta tarar da zaman makoki tun kafin nata: wani daga Lisbon ya rubuta ciwon Kawu tiryan-tiryan, a ƙasansa mutane daga ko'ina suna ta “ni ma haka”, “ni ma haka”, can ƙarshe ma'aikacin kamfanin ya gode wa kowa da haƙuri. Ta rubuta nata “ni ma haka” ta rufe.

A nan dole a ambaci kek, domin ba don kek ba da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Kowa ya san al'ada: wanda ya kwafsa shi ke kawo kek washegari. A ofishinmu kuwa alƙalin kwafsawa saniya ce. Duk wanda ya tura gyaransa ta yi kuka a kansa, gobe sai ya biya gidan burodi kafin ya hau keke. Shekara da shekaru babu mai ƙorafi, don Kawu ba ya yi wa kowa ƙage. Da ciwo ya zo sai saniya ta koma kuka a kan mai laifi da marar laifi, kuma bisa wani rashin sa'a da har yau ba a gane ba, ta fi son Troels.

“Ni fa ko waƙafi ban taɓa ba!” haka ya miƙe yana faɗa wata rana. “Sunan fayil na gyara, jama'a, sunan fayil kawai!”

“Ka je ka yi wa saniya bayani,” in ji Ejvind, bai ko ɗago daga wayarsa ba. “Mai kwakwar nan muke so gobe, na jiya ya bushe.”

“Matata ta fara tambaya ko tuya na koma yi.”

“Ka ce mata ka fi iya ta.”

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe a ofishin ba. Mutane suka koyi danna “sake” tun saniya ba ta rufe baki ba. Wani ya riƙa rage muryar lasifika in zai tura gyara. Wasu suka riƙa jira wani ya fara turawa, su ga ko yau Kawu na gari. Waɗanda suka yi shekaru suna cin abincin rana tare suka fara gardama a kan kek ɗin wa ya kamata a ci yau. Wallahi abin ya kai mutum ya ga kwalin gidan burodi a kan tebur ransa ya ɓaci.

Sai satin da za a tafi hutun Yuli, a taron safe da ake yi a tsaye. Troels ya zo da shawara. Ya ce a gaya wa gwaje-gwajen, in sun kira Kawu bai zo ba, kada su yi kuka, su wuce abinsu. Na ɗan lokaci ne, kafin masu manhajar su gyara.

“In sun wuce, wa zai duba amsar?” Vibeke ta tambaya.

“Zagaye na gaba mana. Ai yana zuwa, ba kullum yake ƙi ba. Haba Vibeke, ki dubi cikin nan nawa ki ji tausayi.”

“A nan ba a tilasta wa kowa,” in ji Ejvind da muryarsa mai laushi. “Mu ɗaga hannu.”

Gaskiya ya faɗa, ba a tilasta wa kowa. Sai dai a ofishinmu ba a zartar da komai sai kowa ya yarda, kuma ba a zama sai an zartar. Hannaye suka tashi, saura nata. Aka juyo ana kallonta da murmushi, babu mai fushi, babu mai gaggawa, kowa na tsaye da kofinsa da ya huce, kowa ya riga ya kama gidan hutu a bakin teku. Ita ma ta gaji, watanni tana jinya ita kaɗai. Ta ce da sharaɗin a cire bayan hutu, aka ce ai wannan dole ne, ta ɗaga hannu. Aka tafi hutu aka dawo da baƙin fata da hotuna, babu wanda ya sake tayar da maganar.

Me zai sa a tayar? Fitila kore, safe da yamma. “Ƙilin!” “Ƙilin!” Aka ce Kawu ya warke, iskar hutu ta karɓe shi. Troels ya fara gudun motsa jiki. Vibeke ta sa hannu a kan zubin Agusta, ta sa a kan na Satumba, ta sa a kan na Oktoba, hankalinta kwance, har tana cewa ba ta taɓa ganinsa da ƙarfi da sauri irin na bana ba. Yanzu in ta tuna maganar saurin nan sai ta rufe fuska da tafin hannu.

Ranar Talata Bodil ta zo ofis, don ranar Lahadi za a kashe tsohon tsarin kicin gaba ɗaya, wanda har yanzu yake aiki kafaɗa da kafaɗa da namu, kuma ta ce ba za ta mayar da tukwanenta kan sabon ba sai ta gani da idonta. Mace ce mai faɗin kafaɗa da ba ta cire rigar ruwa in ta shiga ɗaki, don kullum tana shirin komawa. Vibeke ta zaunar da ita kusa da fitila da alfahari. Ta ce bari ta nuna mata yadda ake kama ɓarna. Akwai wani dattijon bogi mai suna Aksel da aka ƙirƙira don gwaji, wanda aka rubuta cewa ba ya iya haɗiya sai niƙaƙƙen abinci. Da gangan Vibeke ta sauya masa zuwa gasasshen nama da baƙin burodi mai tauri.

“Yanzu ki saurara,” ta ce. “Za ki ji saniya.”

Ta danna. “Ƙilin!”

Ta yi ɗan murmushi, ta ce wataƙila gyaran bai shiga ba. Ta duba, ya shiga. Ta sake dannawa. “Ƙilin!” Ta cire adireshin Aksel. “Ƙilin!” Ta cire sunansa, ta cire shekarunsa, ta share shi kakaf har babu abin da ƙofar ke amsawa sai fanko. Fitila kore shar, “ƙilin!”

“To,” in ji Bodil, “shi wannan bawan Allah ya ƙware ke nan ko kuwa? Ina saniyar?”

Vibeke ta buɗe bayanan zagayen ta duba. Gwaje-gwajen sun kira Kawu, bai zo ba, sun wuce abinsu kamar yadda aka umarce su, kuma gwajin da bai duba komai ba ai ba zai ga laifin komai ba. Ta koma baya tana neman ranar da abin ya fara. Babu. Gyaran da ya toshe bakin saniya ya haɗiye har da rubutun nan na “ba a sami ƙunshin ba”, saboda haka zagayen da Kawu ya halarta da wanda bai halarta ba kamarsu ɗaya, kore da kore. Wataƙila ya duba zubin Agusta. Wataƙila ya duba rabin na Satumba. Wataƙila tun ana bakin teku bai sake takowa ba. Sunanta dai yana ƙasan kowace takarda.

Ranar Laraba da sassafe ta cire toshiyar da hannunta. Saniya ta dawo, ta wuni tana kuka, babu wanda ya yi maganar gidan burodi. Vibeke ta zauna tana dannawa, tana dannawa, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa yadda ake yi wa marar lafiya: zo mana, sau ɗaya kawai, don Allah ka zo. Da la'asar sai ga shi. Ya shigo ya fara duba gwaje-gwajen farko da kyau, irin dubawarsa ta da, ya tsaya a kan ɗaya ya yi ja, ja na gaskiya: a sabon zubin, duk dattijon da aka sauya wa adireshi, irin abincinsa na komawa na kowa da kowa. Wato wanda ya koma gidan 'yarsa don ya kasa haɗiya, shi za a fara kai wa nama. Vibeke ta miƙe tsaye. Kafin ta kira Troels, allon ya cika da “ba a sami ƙunshin ba” daga nan har ƙasa. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. An kira shi har aka tashi aiki, an kira shi yau tun safe, bai sake zuwa ba.

Troels ya gyara wannan ɗayar, bai yi wasa ko ɗaya ba yana gyarawa. Amma abin da Kawu ya duba kafin ya tafi bai kai ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Da bai farfaɗo ba, da Vibeke na iya rarrashin kanta cewa wataƙila babu komai. Yanzu ta san akwai, adadin ne ba ta sani ba, kuma mayar da dubawar cikin kowane gwaji da hannu aikin makonni ne, ita kuwa gobe ake jira.

Yau da safe Ejvind ya same ta a tebur, hular keke na kansa bai ko cire ba. Ya miƙo mata alewa, ta girgiza kai.

“Vibeke, ni ban ce ki yi ƙarya ba,” ya ce. “A mayar da abin nan na Troels, fitila ta yi kore, ki sa hannu. Haka muke yi tun Yuli. Wa ya mutu?”

“Ban sani ba.”

“Kin gani.”

“A'a, Ejvind, ba ka ji ni ba. Ban sani ba.”

Ya ja kujera ya zauna, abin da ba ya yi. Ba mugun mutum ba ne, shi ma bai yi barci ba. Ya ce ranar Lahadi tsohon tsari zai mutu ko muna so ko ba ma so, ba mu muka sa ranar ba. In Litinin ta yi babu namu, ƙaramar hukuma na da damar komawa wajen wasu, kuma in ta koma hawan benen nan da muke ciki duka zai zama fanko, har da injin kofi. Ya ce in ba za ta sa hannu ba shi zai sa, dokar kamfani ta ba shi dama.

“Sai dai kin san yadda na sama suke,” ya ƙara, yana kallon takalminsa. “Ran da manaja ya fara sa hannun gwaji, za su tambayi aikin me shugabar gwaji take yi.”

Ta ce ta sani. Da ya tafi ta shiga ɗakin ajiye riguna ta rufe ƙofa, ta yi kukan da ba ta yi ba tun Talata, sannan ta kira Bodil ta gaya mata komai, tun daga Maris.

“Ke, ni ban san kore ba, ban san ja ba,” in ji Bodil, ana jin ƙarar tukwane a bayanta. “Tun da aka kawo mana abin nan sunanki nake dubawa a ƙasan takarda, in na gan shi in kunna murhu. Yanzu kin ce ba zan gan shi ba. To me kike so in duba?”

“Kwanukan,” in ji Vibeke.

“Duka? Kin san yawansu kuwa? Kin taɓa ganin kicin ɗina ranar Litinin?”

“Ban taɓa ba. Zan zo.”

Bodil ta ce za ta buga duk abin da ke cikin tsohon tsarin ranar Asabar kafin a kashe shi, kuma kada Vibeke ta zo mata da takalmi mai tsini.

Saboda haka ana sanar da jama'a tsarin jana'iza kamar haka. Za a yi wa marigayin sutura gobe Juma'a da hantsi a babban ɗakin taro, daidai lokacin da aka sa domin sa hannu. Vibeke ce za ta share shi daga manhajar da yatsanta, ta ce ita ta kawo shi, ba za ta bar wa wani ba. Ana roƙon masu halarta kada su miƙa mata biro, kada kuma su tambaye ta ko ta sake tunani. Gurbin da sunanta ya saba zama Ejvind zai cike shi, kuma ana fatan jama'a za su kau da kai a lokacin, don shi ma ba da daɗin rai zai yi ba.

Rabon gado zai fara mako mai zuwa. Za a kwafe layukan marigayin a mayar wa kowane maraya kasonsa, ɗaya bayan ɗaya, da hannu, yadda ake yi kafin a haife shi. Ana sa ran gamawa bayan Kirsimeti. Mai son sanin ko Vibeke ce za ta kula da rabon har ƙarshe, kada ya tambaye ta, ita ma ba ta sani ba.

Zaman makoki ba a ofis za a yi ba. Za a yi shi ranar Litinin da asuba a kicin ɗin ƙaramar hukuma, ta ƙofar baya inda motocin kai abinci ke tsayawa. Can za a sami Vibeke da hular leda a kai da takardun Bodil a hannu, tana ɗaukar kwano, ta karanta sunan da ke kan murfi, ta nemo shi a takarda, ta buɗe ta ga abin da aka zuba, ta rufe, ta ɗauki na gaba. Ba ta buƙatar fure, ba ta buƙatar kati, ba ta buƙatar a ce mata ta yi haƙuri. Mai zuwa ya zo da tabaransa na karatu da takalmin da ba ya santsi. Motocin ba sa jiran kowa, kuma kwanukan sun fi ƙarfin idon mutum ɗaya. Don Allah a zo.